Ganau da Jiyau: Wayar Hannu da Ba da Labari a Unguwannin Talakawa na Birnin Rio

Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wani sauyi da ya auku a harkar ba da labari tun daga wajen shekarar 2010, watau yadda mazauna unguwannin marasa galihu na manyan birane suka shiga ba da labarin kansu da kansu ta wayar hannu, ba tare da sun jira ɗan jarida ya zo musu daga cikin gari ba. Abin ya faru a ƙasashe da dama, amma za a tsaya kan birni guda, watau Rio de Janeiro ta ƙasar Burazil, domin a can ne amfanin al'amarin da kuma iyakarsa suka fi fitowa fili. Tambayar da a ke son mai karatu ya riƙe a ransa mai sauƙi ce: idan aka harbe mutum a lungu da asuba, maganar wa za a fara rubutawa a takarda, kuma wa zai iya ƙaryata ta?

Unguwar da a ke gani daga sama

Burazil ita ce ƙasar da aka fi kai bayi daga Afirka, cikinsu har da Hausawa da aka sauke a Bahia, kuma ba ta soke bauta ba sai a 1888. Bayin da aka 'yanta ba a ba su ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. A 1897 sojojin da suka dawo daga yaƙin Canudos suka kafa bukkoki a kan wani tudu kusa da tashar jiragen ruwa ta Rio suna jiran haƙƙinsu daga gwamnati, suka kira wurin da sunan wani tsiro mai ƙaya da suka baro a fagen fama, watau favela. Daga nan sunan ya bi duk wata unguwa da talakawa suka gina da hannunsu ba da izinin hukuma ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 16.4 ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni a faɗin ƙasar, kimanin kashi 8 cikin 100 na jama'a ke nan, kuma mafi yawansu baƙaƙe ne ko masu ruwa biyu.

Ɗaya daga cikin manyansu ita ce Complexo do Alemão, tarin unguwanni a kan tuddan arewacin Rio, inda dubun-dubatar mutane ke zaune. Shekaru da yawa wata ƙungiyar masu fataucin miyagun ƙwayoyi mai suna Comando Vermelho ke riƙe da wurin da bindiga. A watan Yuni na 2002 'yan wannan ƙungiya suka kama Tim Lopes, wakilin gidan talabijin na Globo, yana ɗaukar hoto a ɓoye a unguwar Vila Cruzeiro, suka kai shi saman tudun Alemão suka kashe shi. A 2008 kuma wasu 'yan daba na daban suka tsare ma'aikatan jaridar O Dia a unguwar Batan suka gana musu azaba. Bayan waɗannan abubuwa biyu sai manyan kafofin labarai suka ɗauke ƙafa. Ɗan jarida ba ya shiga sai a bayan 'yan sanda, ranar samame, ko kuwa ya leƙa daga jirgi mai saukar ungulu. To, wanda ya shiga gari a bayan mai bindiga, abin da mai bindigar ya fuskanta shi zai gani, kuma bakin mai bindigar zai fara ji. Ba lalle ne ɗan jaridar ya yi ƙarya ba. Matsayin da ya tsaya ne ya zaɓa masa labari.

A nan ya kamata a san wata takarda da 'yan sandan Rio suka gada tun zamanin mulkin soja na 1964 zuwa 1985, wadda a ke kira auto de resistência. Idan ɗan sanda ya kashe mutum, sai ya rubuta cewa mamacin ya yi turjiya da makami, abokan aikinsa su zama shaidu. Mai kisa shi ne mai ba da labari, mamaci kuwa shi ne abin tuhuma. Ƙungiyar Amnesty ta bi diddigin bincike 220 da aka buɗe kan irin wannan kisa a birnin Rio cikin 2011, ta tarar zuwa 2015 guda ɗaya tak ya kai ga gurfanar da ɗan sanda. An sauya sunan takardar daga baya, amma a 2019 kaɗai 'yan sanda sun kashe fiye da mutum 1,800 a jihar Rio.

Yaron da ya gyara wa talabijin zance

Ran 25 ga Nuwamba, 2010, jirgin Globo ya ɗauko hoton ɗimbin 'yan bindiga suna gudu a kan wata hanyar burji daga Vila Cruzeiro zuwa Alemão, ƙasa duka tana kallo. Ran 28 ga wata 'yan sanda da soja fiye da 2,000 suka shiga da motocin sulke. A cikin unguwar akwai wani saurayi mai shekara 17, Rene Silva, wanda tun 2005, yana ɗan shekara 11, ya fara buga 'yar jarida mai suna Voz da Comunidade, watau Muryar Unguwa, da taimakon malaman makarantarsu. Abin da ya saba bugawa shi ne labarin kwatar da ta toshe da fitilar titi da ta mutu. A waɗannan kwanaki sai shi da abokansa suka zauna a gida suna rubutawa a Twitter abin da kunnensu ke ji da abin da maƙwabta ke gaya musu: an yi harbi a wuri kaza, yanzu an lafa, jirgi na shawagi ƙasa-ƙasa. Inda talabijin ta yi kuskure game da unguwar, su gyara mata. Mabiyan shafin ba su kai 200 ba kafin samamen, cikin 'yan kwanaki suka haura 20,000, har manyan 'yan jarida suka koma suna ɗauko labari daga wurin yaran.

Abin lura a nan shi ne, ba wani asiri yaran suka tona ba. Sun dai san sunan kowane lungu, sun san wanda za su tambaya, kuma an san su. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Shekaru biyar da Rene Silva ya yi yana yawo da 'yar jaridarsa gida-gida su suka sa mutane suka yarda su gaya masa abin da suka gani.

Sa'ad da waya mai kyamara ta yi araha ta shiga aljihun kowa, sai al'amarin ya tashi daga rubutu ya koma hoto, kuma shekarar 2015 ta ba da misalai uku waɗanda ya kamata a jera su tare, domin ba sakamako ɗaya suka haifar ba. A watan Fabrairu, a unguwar Palmeirinha, wani yaro mai shekara 15 yana wasan tsere da abokansa da dare yana ɗaukar su da wayarsa, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta daga mota. Ya faɗi, wayar tana ci gaba da ɗauka. 'Yan sanda suka rubuta cewa musayar wuta aka yi, suka tsare abokinsa da harsashi ya samu a ƙirji. Da hoton ya fito aka ga yara ne ke dariya, sai aka saki abokin. A watan Satumba kuma, a tudun Providência, wanda shi ne tudun nan na sojojin 1897, mazauna suka ɗauki hoton 'yan sanda daga wani gida suna sa bindiga a hannun wani matashi da ke kwance cikin jini, suna harba ta domin hannunsa ya ɗauki alamar albarushi. Aka kama 'yan sanda biyar.

Na ukun ya faru a Alemão ran 2 ga Afrilu, inda harsashin ɗan sanda ya kashe yaro mai shekara 10 a ƙofar gidansu. 'Yan wata ƙungiyar matasa mai suna Papo Reto, watau magana ba kwana-kwana, wadda aka kafa a 2014, suka isa wurin da wayoyinsu suka ɗauki hoto, suka watsa. Saboda idon da ya taru, ba a ɗauke gawar an share wurin kamar yadda aka saba ba, masu bincike suka zo suka yi awo. Duk da haka binciken 'yan sanda ya ƙare da cewa kare kai aka yi, kuma a 2016 kotu ta rufe shari'ar. Hoton ya hana a ce yaron ɗan fatauci ne. Bai kai kowa kurkuku ba.

Inda "wai" ke ɓacewa

Hausa tana da wata 'yar kalma mai nauyi, watau "wai". Mai magana idan ya ce "wai an kama ɓarawo a kasuwa", ya sanar da mai sauraro ke nan cewa shi jiyau ne, kada a ɗora masa nauyin zancen. Idan kuwa ya ce "a gabana aka kama shi", ya zama ganau, ana iya kiransa shaida. Ƙarfin hoton waya shi ne yana mai da mai kallo kamar ganau. Haɗarinsa kuma daga nan ya ke, domin saƙon da aka tura daga waya zuwa waya ba ya ɗauke da "wai". Mutum na ɗari da ya karɓa yana ganinsa daidai da yadda na farko ya gan shi, alhali bai san wa ya ɗauka ba, ko yaushe, ko a ina. Daɗin daɗawa, WhatsApp yakan matse hoto domin ya yi saurin tafiya, sai ya goge bayanan da waya ke ajiyewa a cikinsa na rana da sa'a da wuri, waɗanda su ne lauya ke nema.

Burazil ta ga inda wannan ke kaiwa. A watan Mayu na 2014, a garin Guarujá da ke gaɓar tekun jihar São Paulo, wani shafin Facebook mai ba da labaran gari ya watsa cewa akwai wata mace mai satar yara domin tsafi, tare da zanen fuska. Jama'ar wata unguwar talakawa suka tare wata matar aure mai 'ya'ya biyu suka yi mata dukan da ya zama ajalinta, wasu suna ɗauka da waya. Daga baya aka tabbatar ba yaro ko ɗaya da aka sace a garin, zanen kuma na wata tsohuwar ƙara ce ta birnin Rio. Mai shafin shi ma yana iya kiran kansa ɗan jaridar sa-kai. Wayar da ta wanke yaran Palmeirinha irinta ce ta kashe wannan mata.

Saboda haka ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan aiki, mafi yawan wahalarsu ta mayar da "wai" wurinta ce. 'Yan Papo Reto sun kafa zaurukan WhatsApp da mazauna sassa dabam-dabam na Alemão, ta yadda idan wani ya ce ana harbi a wuri kaza, za a tambayi wani na kusa da shi kafin a watsa. Wata ƙungiya mai suna WITNESS da ke Amurka ta yi aiki tare da su kan yadda hoto zai tsaya a gaban alƙali: a ɗauki alamar titi ko wani gini da aka sani, a faɗi rana da sa'a da baki, a ajiye asalin hoton kada a taɓa shi, kuma a yi tunanin lafiyar wanda fuskarsa ta fito kafin a saki. Haka nan manhajar Fogo Cruzado, wadda 'yar jarida Cecília Olliveira ta kafa a 2016, tana karɓar rahoton harbe-harbe daga jama'a, amma sai ma'aikatanta sun gwada shi da wasu majiyoyi kafin su sa shi a taswira. Uwa takan duba ta da safe kafin ta saki yaro makaranta. Wannan duka tsohon aikin edita ne, ya dawo ta ƙofar baya.

Masu ƙarya kuwa ba su zauna ba. A watan Oktoba na 2022, lokacin yaƙin neman zaɓe, Lula da Silva ya ziyarci Alemão sanye da hula mai haruffa CPX. Nan da nan aka watsa cewa haruffan alama ce ta ƙawance da 'yan fatauci, alhali taƙaita kalmar Complexo ce kawai, yadda matasan wurin ke rubuta sunan unguwarsu. Sai da mutanen unguwa irin su Rene Silva suka fito suna fassara wa ƙasa harshensu. Ga mai nazarin harshe wannan abin tsayawa ne: sunan gidan mutum ma yana iya zama shaidar laifi a bakin wanda bai taɓa taka unguwar ba.

Wa ke da layin?

Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ne a kan samun intanet, kuma talakan Rio ba shi da iko da layin da ya ke magana a kai. Mafi yawan matalauta a Burazil ta waya kaɗai su ke shiga intanet, da layin sa kati. Kamfanoni sun daɗe suna sayar da tsarin da WhatsApp ke aiki ko da data ta ƙare, sauran shafuka kuwa sai da kuɗi. Sakamakon haka shi ne mutum yana iya karɓar labari kyauta, amma idan yana son ya buɗe jarida ya tabbatar, sai ya biya. Ji-ta-ji-ta ba ta da kuɗin mota, gyaranta ne ke da shi.

Na biyu, idan gari ɗaya ya dogara da ƙofa ɗaya, mai mabuɗi ɗaya ya isa ya rufe shi. A watan Disamba na 2015 wata kotu a jihar São Paulo ta ba da umurni a toshe WhatsApp a ƙasar baki ɗaya na awa 48, saboda kamfanin ya ƙi miƙa bayanai a wata shari'a. An ɗage umurnin bayan kimanin awa 12, amma an maimaita irinsa sau biyu a 2016. Mai hali yana da wasu hanyoyi. Mazaunin tudu kuwa, wanda zauren unguwa ne ke gaya masa ko hanyar gida ta buɗe, sai ya wayi gari a makance.

Na ukun ya fi muni. A unguwanni da yawa na Rio, musamman na yamma, akwai ƙungiyoyin da a ke kira milícia, waɗanda tushensu tsofaffin 'yan sanda ne da masu ci da ma'aikatan kashe gobara. Sun fara da sunan korar 'yan fatauci, suka ƙare da karɓar kuɗin kariya da mallake cinikin tukunyar gas da motocin haya da talabijin na kebul. Da intanet ya zama abin bukata sai suka haɗa da shi, 'yan fatauci ma suka koyi sana'ar. Sukan yanke wayoyin kamfanoni, su hana ma'aikata shiga gyara, su tilasta wa jama'a sayen layi daga wurinsu. Mai ba da labari a irin wannan unguwa yana magana ne ta wayar mutumin da ya fi kowa ƙin a yi magana.

Daga nan a ke gane wata iyaka da masu yabon wannan aiki ba su cika ambata ba. Hotunan da ke fitowa daga favela kusan duka na 'yan sanda ne. Na 'yan fatauci da na milícia ba su cika fitowa ba, ba don hannunsu tsarkakakke ne ba, sai don ɗan sanda yana komawa bariki da yamma, su kuwa a unguwar su ke kwana. Wanda aka kira X-9, watau ɗan rahoto, hukuncinsa a wurinsu kisa ne. Ta ɓangaren hukuma ma ba a tsira ba: a watan Oktoba na 2016 'yan sanda sun tsare Rene Silva da mai ɗaukar hotonsa suna aikin ɗaukar labarin tashin wasu mazauna Alemão daga gidajensu. Ɗan jaridar cikin gari yana gama aiki ya tafi gida nesa. Ɗan jaridar unguwa gobe da safe zai haɗu da wanda ya ɗauka a hoto a bakin shagon burodi, kuma kowa ya san gidan uwarsa. Saboda haka labarin da ya ke bayarwa gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne, kuma adalci ne mai karatu ya san dalili maimakon ya zarge shi da son kai.

Abin sha'awa shi ne, lokacin annobar korona a 2020, da ƙungiyoyin Alemão suka haɗu domin wayar da kan jama'a, ba su tsaya kan waya ba. Sun rataya kyallaye masu rubutu a mashigar lunguna, suka zagaya da mota mai lasifika, kamar dai mai shela. Sun san akwai tsofaffi da marasa kati waɗanda saƙon waya ba ya isa gare su. Jaridar Voz das Comunidades, kamar yadda sunanta ya koma, ta riƙa ƙirga masu cutar da mamata unguwa-unguwa, domin alkaluman hukuma sukan narkar da favela cikin babbar gundumar da ke kewaye da ita.

Ƙirga gawa

Ran 28 ga Oktoba, 2025, 'yan sanda kimanin 2,500 suka shiga Alemão da maƙwabciyarta Penha domin farautar shugabannin Comando Vermelho. Da yamma gwamnatin jiha ta ce mutum 64 suka mutu, cikinsu 'yan sanda huɗu, ta ce aiki ya yi kyau, kuma ba za a ɓoye ba, jama'ar Rio da yawa da suka gaji da mulkin 'yan bindiga sun goyi bayanta. Cikin dare sai mata da dangin waɗanda ba su dawo gida ba suka hau dajin da ke kan tudun Misericórdia, tsakanin unguwannin biyu, suna nema. Suka riƙa sauko da gawawwaki a bayan motocin ɗaukar kaya, suna jera su a dandalin São Lucas na Penha, domin kowa ya zo ya duba nasa. Raull Santiago, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Papo Reto, yana wurin yana watsawa da wayarsa, haka ma wasu mazauna da dama, kafin manyan kafofin labarai su iso su tarar da layin gawa ya miƙe a kan titi. Kafin ranar ta ƙare gwamnati ta gyara lissafinta, adadin ya ƙare sama da 120, samame mafi muni ke nan a tarihin jihar. Ko su wane ne mamatan, da yadda kowannensu ya mutu, wannan magana ce ta masu bincike da kotu. Bambancin da ke tsakanin 64 da 120 kuwa, mutanen Penha ne suka ɗauko shi daga daji da hannunsu.